Yadda Ake Karanta Karkarwar Dutse Mai Aman Wuta a Na'urar Auna Girgizar Ƙasa

Ranar Asabar, 27 ga Satumba 2014, masu hawan dutse sun cika saman Ontake, wani dutse mai aman wuta a ƙasar Japan. Sama ta yi tas, wasu ma sun buɗe abincin rana. Da ƙarfe 11:41 na'urorin da ke jikin dutsen suka fara nuna karkarwa. Da ƙarfe 11:52 dutsen ya fashe da tururi da duwatsu. Minti 11 kacal ke tsakani, kuma mutum 63 suka mutu ko suka ɓace. A 1976 kuwa, a tsibirin Gwadalup da ke ƙarƙashin Faransa, an kwashe mutane sama da 70,000 daga gindin dutsen Soufrière, suka yi watanni ba sa gidajensu. Dutsen ya yi ta huci da toka, amma babban aman da ake tsoro bai zo ba.

Tsakanin waɗannan kurakurai biyu mai karanta zanen na'ura yake zaune kullum. In ya yi jinkiri, rai ya salwanta. In ya yi gaggawa, gonaki da kasuwanni su tsaya, gobe kuma in ya yi kira ba mai saurarensa. Abin ba nesa yake da mu ba. Dutsen Kamaru, wanda garin Buea ke kwance a jikinsa, ya yi aman wuta a 1999 da 2000, kuma a na 1999 narkakken dutse ya gangaro har ya datse hanyar da ke tsakanin Limbe da Idenau, kusa da Bakingili. Jerin duwatsun da ya fito daga cikinsu ya miƙo arewa har zuwa tsaunukan Biu a jihar Borno. Wannan jagora ta ɗalibin ilimin ƙasa ce, da sabon ma'aikacin cibiyar sa ido, da duk wanda ke son ya fahimci abin da ake nufi in an ce "karkarwa ta ƙaru".

Abin da za ka tanada

Kwamfuta da intanet sun isa ka fara. Hukumar binciken ƙasa ta Amurka, USGS, tana da manhaja kyauta mai suna SWARM wadda ke nuna zanen girgiza kai tsaye. Wanda ya iya harshen kwamfuta na Python zai ji daɗin manhajar ObsPy. Bayanan tashoshin auna girgiza da yawa na duniya suna ajiye a rumbun EarthScope, wanda a da ake kira IRIS, kowa na iya saukewa. Ka nemi taswirar dutsen da ke nuna inda kowace tasha take, da rahoton yanayi na wurin, da littafin rubutu. Abu ɗaya da ke rikita sababbi shi ne agogo: duk bayanan girgiza da agogon duniya na UTC ake rubuta su. Najeriya da Nijar da Kamaru suna gaba da shi da sa'a ɗaya, birnin Goma na Kwango kuwa da sa'a biyu. Ka rubuta wannan a bangon littafinka.

Mataki na 1: Ka san muryoyin dutsen

Ma'aunin da za mu yi ta ambata shi ne haz, ana rubuta shi Hz, wato sau nawa ƙasa ta kaɗa a daƙiƙa ɗaya. Kaɗawa mai yawa siririyar murya ce, kaɗawa kaɗan kuwa murya mai kauri.

Murya ta farko ita ce ta karyewar dutse, wadda ma'aikata ke kira VT. Narkakken dutse yana kutsowa daga ƙasa, yana matsa duwatsun da ke kewaye da shi, su tsage. A zane takan fara farat ɗaya, kamar an karya busasshen kara, ta mutu da wuri. Ƙarfinta yakan taru tsakanin Hz 5 zuwa 15, kuma za ka ga isowar igiyoyin girgiza biyu a fili: igiyar P mai sauri, sannan igiyar S a bayanta. In ka ƙirga daƙiƙun da ke tsakaninsu ka ninka da 8, za ka sami kimanin nisan wurin da kilomita. Ƙiyasi ne kawai, domin a cikin jikin dutse mai aman wuta igiyoyin sun fi tafiya a hankali.

Ta biyu ita ce LP, mai kaurin murya, tsakanin Hz 0.5 zuwa 5. Ba ta da farko mai kaifi, kuma tana daɗewa tana amsa kuwwa kafin ta lafa. Ka ƙwanƙwasa tulu mai ruwa ka saurara, to haka take. Yawanci tana nufin akwai ruwa ko iskar gas ko narkakken dutse a cikin wata tsaga, matsi yana kaɗa bangon tsagar. Masanin da ya fi yin fice a kan wannan shi ne Bernard Chouet. A dutsen Redoubt na Alaska, a Disamba 1989, irin waɗannan girgizoji sun yi ta jeruwa kusan kwana guda kafin dutsen ya fashe a ranar 14 ga watan. Akwai kuma mai ruwa biyu, wadda ke farawa da kaifin VT ta ƙare da kuwwar LP. An gan ta da yawa a tsibirin Montserrat tun daga 1995.

Sai karkarwa kanta. Ita ba ta da farko bayyananne, ba ta da ƙarshe bayyananne. Layin zanen yakan yi kauri ne a hankali, ya zauna haka na mintoci, ko kwanaki, ko watanni. Galibi tana tsakanin Hz 0.5 zuwa 10. Abubuwa da dama ke haifar da ita: gudun narkakken dutse a cikin maƙogwaron dutsen, fitar iskar gas, tafasar ruwan ƙarƙashin ƙasa, ko ƙananan girgizoji da suka matsu da juna har suka zama abu ɗaya. Ka tuna mata uku suna lugude a turmi ɗaya: daga kusa kana jin kowace taɓarya daban, daga nesa kuwa sai ka ji gunji ɗaya miƙaƙƙe. Shi ya sa kalmar "karkarwa" suna ce ta siffar zane, ba bayanin dalili ba. Gano dalilin shi ne aikinka.

Mataki na 2: Ka fara zargin na'urar da maƙwabtanta

A nan na fi so ka daɗe, domin mafi yawan abin da sabon ma'aikaci ke ɗauka karkarwar dutse ce, ba daga dutsen yake ba.

Lokacin da nake koyon aikin, mun girka wata ƙaramar na'ura a ɗakin ajiya na wani gini a gefen gari, don gwaji. Kwana uku a jere ina ganin wani siririn layi ɗoɗar a kan Hz 25, yana tashi bayan magariba, ya yanke wajen sha biyun dare. Na kai wa malaminmu da zumuɗi na ce, "Malam, dubi wannan, kamar irin wadda ke cikin littafi." Ya duba bai wuce daƙiƙa biyar ba, ya ce, "Je ka tambayi maigadi ƙarfe nawa suke tayar da janareta." Na je. Maigadin ya ce da an idar da sallar magariba. Da na dawo Malam ya ɗauki alli ya rubuta: inji mai juyi 1,500 a minti, raba da 60, ya ba ka 25. Tun daga ranar, duk layin da na gani tambayar farko da nake yi ita ce, wa ke farke a wannan lokacin, kuma me ya kunna?

Alamar hayaniyar ɗan Adam ita ce bin agogo. Tana tashi da safe, ta kwanta da dare, ta ragu ranar hutu. Injin niƙa, famfon rijiyar burtsatse, manyan motoci a kan hanya, aikin masu fasa dutse, duk suna bayyana. A 2020, lokacin kullen korona, tashoshi a ƙasashe da dama sun nuna hayaniyar mutane ta ragu har da kusan rabi a wasu wurare, abin da ya nuna yawan abin da muke zubawa cikin ƙasa ba mu sani ba. Jirgi mai saukar ungulu ya fi kowa yaudara, domin yana zana layuka masu tsari da ke lanƙwasawa ƙasa yayin da yake wucewa, kamar yadda ƙarar mota ke sauya in ta gifta ka.

Sai yanayi. Iska tana kaɗa bishiyoyi da turakun eriya da allon sola, girgizar ta bi ta saiwa ta shiga ƙasa. Ruwan sama mai ƙarfi da ambaliyar rafi suna cika zane da kauri. Teku kuma ba ta barci: igiyoyinta suna haifar da gunji na dindindin, mafi ƙarfinsa tsakanin Hz 0.1 zuwa 0.3, wanda ke kumbura duk lokacin da guguwa ta taso, ko da tana can nesa. Dutsen Kamaru a bakin teku yake, don haka wanda ke karanta tashoshinsa dole ya saba da wannan. Wani abin mamaki ma a unguwarmu yake. Daga mashigin tekun Gini, wajen gaɓar Bonny, akwai wani bugu da ke maimaita kansa duk daƙiƙa 26, na'urori a nahiyoyi daban-daban suna kama shi. Jack Oliver ne ya bayyana shi tun farkon shekarun 1960, kuma masana sun rabu biyu a kansa: wasu sun ce igiyar teku ce ke dukan gaɓa, wasu sun danganta shi da motsin ƙarƙashin ƙasa kusa da tsibirin São Tomé.

Na'urar kanta takan yi rashin lafiya. Batirin da sola bai cika shi ba yakan sa zane ya haukace da asuba. Ruwa a cikin ramin na'ura, ɓera ya ci waya, tsawa, agogon GPS ya kauce, kowanne yana da irin zanensa.

Gwajin da ke raba gardama guda ne: buɗe tashoshi aƙalla uku a lokaci ɗaya. Karkarwar gaskiya za ta bayyana a kansu duka, ta fi ƙarfi a wadda ke kusa da bakin dutsen, ta yi rauni a na nesa. In tasha ɗaya ce kawai ke ihu sauran suna kwance, je ka duba tashar. In kuwa duka suka motsa da ƙarfi kusan ɗaya har da na nesa, duba jerin girgizojin duniya na wannan sa'ar, wataƙila babbar girgiza ce daga wata nahiya ta iso.

Mataki na 3: Ka san halin dutsen na yau da kullum

Babu adadin karkarwa guda da ke nufin haɗari a ko'ina. Nyiragongo, wanda ke kallon birnin Goma a Kwango, ya yi shekaru da tafkin narkakken dutse a bakinsa, don haka karkarwa a wurinsa numfashi ce. Irin wannan ƙarfin a dutsen da ya yi shekara 100 yana barci zai sa a tashi kowa tsakar dare. Kafin ka fassara zanen yau, ka zauna da na watanni shida ko shekara, na damina da na rani, ka san ƙasan da yake kwanciya da saman da yake kaiwa in ba komai. In dutsen ya taɓa aman wuta a zamanin na'urori, nemo zanen makonnin da suka gabaci aman ka haddace shi. Abin da kake nema shi ne sauyi, ruwa kuwa ba ya tsami banza.

Mataki na 4: Buɗe hoton amo

Zanen layi yana nuna maka ƙarfi ne kawai. Don ka ga muryar, sai ka juya shi zuwa hoton amo, wanda ma'aikata ke kira sifektirogiram: lokaci a kwance, Hz a tsaye, launi yana nuna inda ƙarfi ya taru. SWARM na yin wannan da danna maɓalli ɗaya. Abubuwa biyu za ka kiyaye. Na'urar da ke ɗaukar samfuri 100 a daƙiƙa ba ta iya nuna abin da ya wuce Hz 50, rabin adadin ke nan kullum. Sannan faɗin tagar lissafi ciniki ne: taga ta daƙiƙa 10 tana rarrabe layukan da tazararsu ta kai Hz 0.1 amma tana dusashe abin da ya faru cikin ƙiftawar ido, gajeriyar taga kuma akasin haka. Ni nakan duba da taga biyu kafin in ce komai.

In ka ga launi ya bazu kamar hazo daga Hz 1 zuwa 10 ba layi takamaimai, wannan karkarwa ce mai hargitsi. Ita ce ta fi yawa, kuma ita ke rakiyar aman wuta in ya fara.

In ka ga layuka sirara jere bisa juna da tazara daidai, misali a kan 1.5 da 3 da 4.5, wannan karkarwa ce mai jituwar amo. Haka muryar algaita take in aka zana ta: uwar murya a ƙasa, 'ya'yanta a sama, kowanne ninkin uwar. Mutane da yawa sun ɗauka wannan ita ce tabbatacciyar alamar aman wuta. Ba haka ba ne. Tana nuna cewa wani abu yana maimaita kansa da tsari, ko bututu mai amsa amo, ko wata ƙofa da ke buɗewa tana rufewa da matsin gas. Akwai duwatsun da ke yin ta kullum ba tare da wani babban abu ya biyo baya ba.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne in layukan suka fara hawa ko sauka tare. Makaɗin kalangu yana matse igiyoyi da hammata sai muryar ta yi sama, ya saki ta sauko. Fatar ba ta canza ba, matsin ne ya canza. A Redoubt, a aman 2009, an ga layi yana tashi daga wajen Hz 1 har ya kai kusan 30 cikin 'yan mintoci, sai ya yanke ɗif na rabin minti zuwa minti ɗaya, sai fashewa. Binciken da aka yi daga baya ya nuna ƙananan girgizoji ne ke ƙara sauri har suka haɗe, irin luguden da muka ambata.

Akwai karkarwa mai zuwa tana ɗaukewa a kan ƙa'ida, ta yi minti kaza ta huta minti kaza, ta bar ratsi-ratsi a takarda. An gan ta a Etna na Italiya da Nevado del Ruiz na Kolombiya. Sau da yawa ruwan ƙarƙashin ƙasa ne ke tafasa, kamar murfin tukunya da ke ɗagawa ya koma. Kada ka raina ta don ruwa ce, fashewar tururi ce ta kashe mutanen Ontake.

Akwai kuma wata LP ta musamman da 'yan Kolombiya suka raɗa wa suna tornillo, wato ƙusa mai murɗi, saboda zanenta yana farawa da kai ya yi ta sirancewa a hankali da murya ɗaya tak. A dutsen Galeras an ga irinta kafin fashe-fashe da dama na 1992 da 1993. Ranar 14 ga Janairu 1993 dutsen ya fashe alhali masana suna cikin bakinsa, mutum tara suka mutu, shida daga cikinsu masana ne.

A ƙarshe, ka bambanta abin da ke gudu a bayan ƙasa da abin da ke ciki. Zaftarewar duwatsu tana zana siffar mazari, siriri a farko, kumburi a tsakiya, siriri a ƙarshe, da siririyar murya. Malalar laka da toka tana daɗewa, ta fi ƙarfi a tashoshin da ke bakin kwazazzabo, kuma za ka ga tana sauka daga tasha ta sama zuwa ta ƙasa. Wannan saƙo ne na gaggawa da kansa. Irin wannan malalar ce ta binne garin Armero na Kolombiya a daren 13 ga Nuwamba 1985, mutane kimanin 23,000 suka halaka, sa'o'i biyu da 'yan kai bayan ta baro saman Ruiz.

Mataki na 5: Auna ƙarfin, ka bi tafiyarsa

In girgizoji suka yi yawa har zane ya zama baƙi ƙirin, ƙirga su ɗaya-ɗaya ba ya yiwuwa. Saboda haka Elliot Endo da Thomas Murray na USGS suka fito da RSAM: a ɗauki matsakaicin ƙarfin kaɗawa na kowane minti 10, ba ruwanka da irinta, a jera a zane ɗaya. Da wannan ma'auni aka bi Pinatubo na ƙasar Filifin a 1991, aka kwashe dubban mutane kafin babbar fashewar 15 ga Yuni.

Da yake RSAM ba ya tantancewa, guguwar teku ma tana ɗaga shi. Maganin shi ne ka tace bayanan gida-gida kafin lissafi. Hukumar yanayi ta Aislan tana wallafa nata a gida uku: Hz 0.5 zuwa 1, 1 zuwa 2, da 2 zuwa 4. In na ƙasa kaɗai ya hau, duba teku. In na sama kaɗai ya hau, duba iska da rafi. In suka tashi tare a tashoshi da yawa, gyara zama.

Siffar hawan ta fi tsayinsa muhimmanci. Hawa a miƙe daban, hawa mai ƙara sauri daban, wanda abin da ya ɗauki kwana biyu jiya yake ɗaukar rabin yini yau. Barry Voight ya kawo wata dabara a 1988: raba 1 da adadin RSAM, ka zana sakamakon. In layin yana gangarowa a miƙe, inda zai taɓa sifili shi ne ƙiyasin lokacin fashewa. Ina amfani da ita a matsayin shaida ɗaya cikin shaidu, amma ban yarda a ba hukuma sa'a da minti da ita ba, domin ta fi yin kyau in an waiwaya bayan abu ya riga ya faru.

Don ka horar da idonka, nemi zanen karkarwar Etna daga 16 ga Fabrairu 2021 zuwa ƙarshen Maris. Cibiyar INGV ta Catania ce ke sa ido a kansa. Dutsen ya yi ta feshin wuta a kai a kai, kowane feshi da hawan karkarwa a gabansa da faɗuwa kwatsam a bayansa. Rufe rabin zanen da takarda, ka yi hasashen abin da ke gaba, sannan ka buɗe.

Mataki na 6: Daga ina take fitowa?

Tunda karkarwa ba ta da isowar P da S, ba a gano mazauninta da agogo sai da ƙarfi. Hanya mafi sauƙi ita ce ka raba ƙarfin tashar da ke saman dutse da na tashar da ke gindinsa, ka bi wannan rabon kwana da kwanaki. In yana ƙaruwa, tushen yana matsowa sama. In tashar gabas ta fara rinjayar ta yamma, abin yana tafiya gefe, kuma wannan ya shafi ƙauyukan da ke wannan ɓangaren kai tsaye. Sai dai tashar da ke zaune a kan toka mai laushi takan kumbura komai fiye da wadda ke kan fa, don haka ka fara auna halin kowace tasha da girgizar nesa wadda ta iso musu duka daidai.

Girgizojin VT kuwa ana iya sa musu ɗigo a taswira, kuma tafiyarsu takan fi karkarwa faɗin gaskiya. A 2014, a dutsen Bárðarbunga na Aislan, masana sun bi su kwana da kwanaki suna tafiya a ƙarƙashin ƙasa fiye da kilomita 40 kafin wuta ta ɓullo a Holuhraun.

Mataki na 7: Kira sauran shaidu

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Tambayi masu auna kumburin ƙasa: na'urar karkata da GPS da hotunan tauraron Sentinel-1 sun nuna dutsen yana kumbura? Tambayi masu auna gas: iskar farar wuta, SO2, ta ƙaru? Duba kyamara, da makirufo mai jin amon da ke ƙasa da Hz 20, wanda ke tabbatar da cewa baki ya buɗe ko da gajimare ya rufe dutsen. Karkarwa tare da kumburi tare da ƙarin gas magana ce mai nauyi. Karkarwa ita kaɗai bayan mamakon ruwa, mai yiwuwa tafasa ce.

Ka kuma san abin da na'urarka ba ta gani. Iskar da ta taso daga tafkin Nyos a Kamaru a daren 21 ga Agusta 1986, ta kashe mutane sama da 1,700 da dabbobinsu, a cikin ruwan tafkin ta taru shekara da shekaru. A ruwan ake auna irin wannan haɗari, ba a zanen girgiza ba.

Mataki na 8: Kada shiru ya kwantar maka da hankali

A Pinatubo, SO2 ya tashi daga tan 500 a rana a tsakiyar Mayu 1991 zuwa sama da 5,000 a ƙarshen watan, sai ya faɗo ƙasa da 300 a farkon Yuni. Mai gaggawa zai ce dutse ya huce. Masanan da ke wurin suka karanta shi a matsayin toshewa: gas ɗin yana nan, hanyar fita ce ta rufe, matsi yana taruwa. Haka karkarwa take. In ta sauka sannu a hankali cikin kwanaki, tare da sacewar kumburi da raguwar gas, wannan lafawa ce. In ta yanke farat ɗaya tana tsakiyar ƙarfinta, alhali ƙasa tana ci gaba da kumbura, kada a bar kowa ya kusanci bakin dutsen.

Wani lokaci kuma gargaɗin gajere ne ƙwarai. Hekla na Aislan, a 26 ga Fabrairu 2000, ya ba da kimanin minti 80 tsakanin girgizar farko da wuta, kuma an sami sanar da jama'a ta rediyo kafin ya fara domin akwai mai kallon zanen a lokacin. Nyiragongo, a 22 ga Mayu 2021, bai ba da ko sa'a guda ba. Gefensa ne ya tsage, tafkin wutar ya kwarara. Manyan girgizojin sai bayan aman suka zo, lokacin da narkakken dutse ya kutsa ƙarƙashin Goma ya nufi tafkin Kivu, har aka ba da umarnin kwashe wasu unguwanni a 27 ga watan. Dutsen da bakinsa ke buɗe ba ya bukatar dogon shiri kafin ya zubo, don haka cibiyar da ke gadinsa ba ta da daren hutu.

Mataki na 9: Rubuta, ka miƙa ta hanyar da ta dace

Duk abin da ka gani, rubuta shi nan take: lokaci da UTC, tashoshin da suka nuna, Hz ɗin da ƙarfi ya taru, adadin RSAM da yadda yake jiya, yanayin sama, da abubuwan da ka bincika ka kawar. Raba abin da ka gani da abin da kake zato, kowanne a layinsa. "Karkarwa a Hz 2 zuwa 4 ta ninka uku cikin sa'a shida a tashoshi huɗu, babu iska, babu ruwa" magana ce da wanda ya karɓe ka zai iya aiki da ita. "Dutse ya kusa fashewa" ba ta taimaki kowa ba. Kafin rikici ya zo, cibiya ta riga ta amince a rubuce da adadin da in an kai shi za a tashi shugaba daga barci, don kada sabon ma'aikaci ya tsaya jin nauyi da ƙarfe uku na dare.

Ɗaga matakin gargaɗi aikin cibiyar sa ido ne, kwashe jama'a kuma aikin hukuma. Jiragen sama suna da nasu launuka huɗu, kore da rawaya da ruwan lemo da ja, kuma cibiyar Toulouse ta Faransa ce ke ba da gargaɗin toka a sararin Afirka. In kai mai koyo ne a gida, ka ga abin da ya tsorata ka, aika wa cibiyar da ke kula da dutsen, kada ka watsa a Facebook ko WhatsApp. Akwai masu 'yan uwa a Buea da Goma da za su kwana ba barci saboda hoton da wataƙila janareta ne.

Haƙurin da ake yi kafin a ce an fara, shi ake yi kafin a ce an gama. A tsibirin La Palma na Sifen, aman da ya fara a 19 ga Satumba 2021 ya tsaya cik a 27 ga watan, karkarwa ta faɗi ƙasa, bayan 'yan sa'o'i wuta ta dawo. Da karkarwar ta sake ɗaukewa a daren 13 ga Disamba, masanan ba su ce komai ya ƙare ba. Suka sa wa'adin kwana 10 suna duban girgiza da gas da kumburi, sai ranar 25 ga Disamba hukuma ta sanar cewa aman ya ƙare.